Shamuwar da Ta Sa Jandarma Suka Kama Ni

Akwai ranar da ko na tsufa na fara manta sunayen jikokina, ita dai ba za ta fita daga raina ba. Shekara biyu ke nan da wani abu, amma har yau in na ji takun takalmi mai nauyi a bayana sai na waiwaya da sauri. Ina durƙushe ne a bayan wani kango da hantsi, na lulluɓe kaina da kamarata da baƙin hijabi saboda hasken rana, idona ɗaya a manne da ramin leƙe, ina jiran shamuwa ta ɗago kai daga sheƙarta. Hannuna ya gaji, bakin kamarar ya ɗan sunkuya ƙasa. Sai fuskar wani mutum ta cika mini ido. Hular kaki ce a kansa, kuma ba ko'ina yake kallo ba, ni yake kallo, yana magana da wani abu da ya kara a bakinsa. Kafin in gama gane abin da na gani, na ji taku a bayana, wata murya ta ce, "Kar ki motsa. Ajiye abin nan ƙasa, a hankali."

Amma bari in koma baya, don ba a bayan kangon nan abin ya fara ba. A wani ɗan shago kusa da Kasuwar Dole, a garinmu Damagaram, ya fara, ranar da na zaɓi abin da zan ɗaura wa kamarata ta farko.

Tun ina lise, wato babbar sakandare, nake ɗaukar hoto da salular mahaifiyata. Duwatsun unguwar Birni, ƙofofin tsofaffin gidaje masu zane, kajin gidanmu, duk abin da ya tsaya cak ba zai tambaye ni dalili ba. Mutane kam ban cika ɗaukarsu ba, don ni mai kunya ce ta sosai, irin wadda in baƙo ya yi sallama take shigewa ɗaki. Wanda ya fara lura cewa abin nawa ya wuce wasa shi ne kawuna, yayan mahaifiyata. Tsohon mai hoto ne, yana da shago a Zango tun kafin a haife ni, ko da yake yanzu sai hoton katin shaida kawai ake zuwa masa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai Uwata. Ranar da sakamakon bak, jarrabawar gama sakandare, ya fito na ci, ya zo gida ya zauna a kan tabarma ya ce wa mahaifiyata, "Uwata ta gama cinye miki batirin salula. Gobe zan kai ta ta zaɓi aparai tata ta ɗaukar hoto."

Ban yi barcin kirki ba. Washegari muka tafi wajen wani abokinsa mai sayar da kayan lantarki na hannu. Ina shiga idona ya faɗa kan wata ƴar ƙaramar kamara mai ruwan azurfa, sai ƙyalli take, ta shige tafin hannuna kamar don ni aka yi ta. Kawu ya kalle ta sau ɗaya ya ce, "Wannan ta ƴan biki ce. Idonta a liƙe yake, ba a cirewa ba a sakewa. Wata uku za ki fi ƙarfinta." Ya sa aka ciro masa wata baƙa daga ƙasan kanta, tsohuwa, gefenta duk ya goge. Ni dai raina bai so ta ba. Shi kuwa ya juya ta, ya buɗe gidan batir ya duba ko ya yi tsatsa, ya kara ta a kunne yana dannawa yana sauraron ƙarar, ya cire gilashin gaba ya leƙa cikinta, har sansanawa ya yi.

Mai shagon ya ce, "Alhaji, kamara za ka saya ko akuya? Saura ka duba haƙoranta."

Kawu ya ce, "Da tana da su da ka gani. Kai na sani, ita ban san ta ba."

Sai da ya gamsu sannan aka zo kan gilashin gaba, wanda a takarda ake rubuta objektif, Kawu kuma ido yake ce masa. Guda biyu ne suka dace da kamarar, ƙarfinmu kuwa na ɗaya ne. Na farko gajere ne kamar gwangwanin tumatir, mai lamba hamsin. Na biyu dogo ne baƙi, in an miƙe shi ya kusa kai tsawon damtsena, yana jawo abu har zuwa lamba ɗari uku. Kawu ya ɗaga kowanne ya saita da hasken ƙofa yana neman fumfuna ko tsaga a ciki, bai samu ba. Sannan ya ɗora mini gajeren a hannu. Ya ce wannan shi ne na mai koyo. Ba shi da nauyi, yana shan haske da yawa ko a cikin ɗaki ne, kuma yadda idon mutum yake gani haka yake gani. Dogon kuwa, in ji shi, sai rana ta buɗe yake aiki, kuma ko numfashi ka yi da ƙarfi hoton ya girgiza, sai an samo masa ƙarfe mai ƙafa uku an kafa shi.

Na ce to, amma na roƙa a ɗaura mini dogon in leƙa kawai. Na tsaya a bakin ƙofa na saita can tsallaken hanya. Wata mai sayar da tattasai da nake gani kamar ɗigo, sai ga ta a gabana, har ɗan kunnenta nake gani yana lilo tana dariya da wata. Ba ta san ina duniya ba. Wallahi a take na ji abin ya shiga raina. Na ce a zuciyata, ashe akwai hanyar da zan ɗauki mutane ba sai na je na yi sallama ba.

Na ce, "Kawu, wannan nake so. Tsuntsaye nake son ɗauka."

Ya kalle ni ta saman tabaransa. "Uwata, tsakaninki da Allah. Tsuntsu kike so, ko gaisuwa kike gudu?"

Na sunkuyar da kai na ce tsuntsu.

Ya yi dariya har da tari, ya ce wa mai shagon, "Naɗe mata. Ina ni ina musu da wadda ta haife ni?" Yau in na tuna, na san ya gane ƙaryata sarai. Ya dai ga yadda fuskata ta yi haske ne, ya kasa hana ni. Gajeren da na raina, wanda na koma na saya daga baya, shi ne a kan kamarata yanzu, kuma kusan duk hoton da nake alfahari da shi da shi na ɗauka. Amma a lokacin ko za a yanka ni ba zan yarda ba.

Bayan mako biyu aka yi ruwan farko, na shiga hiyas, motar haya, na tafi hutu wajen kakata, a wani gari gaba da Mirriya wanda ba zan faɗi sunansa ba. Kaka ita ce mahaifiyar Kawu, takwarata ce, kuma ba ta da aikin da ya fi tsokanata. Da ta ga kamarar ta ce, "Takwara, wannan taɓaryar fa? Daka za ki taya ni?" Na ɗauke ta hoto ya fi sau talatin a tsakar gida, amma saboda gidan ƙarami ne idon kuma dogo, sai dai in samu kunnenta, ko rabin goshinta, ko goron da ke bakinta. Dole na fita neman abin da yake nesa.

Lokacin zuwan shamuwa ne, manoma na ta murna da ganinsu. Ta lungun bayan gidan Kaka, in ka ratsa gonakin da aka fara shuka, akwai kangon wani gida da ya rushe. Daga nan na hango wani dogon ƙarfen eriya, can samansa shamuwa biyu sun yi sheƙa. Ginin da ke ƙarƙashin eriyar na san shi tun ina yarinya, ma'ajiyar hatsi ce ta gari. Abin da ban sani ba, an daɗe da kwashe hatsin, jami'an tsaro na jandarma ne suka koma ciki. Tutarsu da shingensu duk suna ta gaba, wajen babbar hanya, ni kuwa ta baya nake zuwa. Kuma gaskiya ko ta gaban na zo ba lalle in lura ba, don da zarar na iso nake manna ido a kamara, shi kuwa dogon ido abu guda yake nuna maka, ya rufe maka duk abin da ke kewaye da shi.

Kwana uku a jere nake zuwa da hantsi. In durƙusa a bayan kango don kar in kori tsuntsayen, in lulluɓe da baƙin hijabi, in ziro baƙin bututun nan ta tsagar bango ina saita ginin. Yanzu in na kwatanta yadda mai tsaron wurin yake ganina daga can, ni kaina sai tsigar jikina ta tashi.

Su uku ne suka zagayo ta bayana, maza biyu da mace guda. Na ajiye kamarar kamar yadda aka ce, na tsaya a durƙushe. Macen ce ta ɗaga ni ta laluba jikina, ta karɓi salulata. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya taɓa ni da mugunta, kuma wannan shirun nasu ya fi ba ni tsoro. Muka ratsa gonaki, mata masu shuka suka miƙe tsaye suna kallo, hannu a baka.

Aka zaunar da ni a kan benci a wani ɗaki mai tebur ɗaya. Kumandan ɗinsu babban mutum ne mai furfura a gefen kai, yana magana a hankali yana haɗawa da Faransanci. Ya tambayi sunana, sunan mahaifina, unguwarmu a Damagaram, ya rubuta. Sannan ya ajiye biro.

"Wa ya aiko ki?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe."

"Kwana uku muna kallonki. Lokaci ɗaya, wuri ɗaya, a ɓoye. Me kike ɗauka?"

Na ce shamuwa, muryata ko ni da ƙyar na ji ta.

"Shamuwa." Ya maimaita kamar yana ɗanɗana kalmar. Ya sa na kunna kamarar na nuna masa inda ake dannawa. Ya yi ta wucewa, ya wuce kunnen Kaka, ya wuce rabin akuya, ya wuce sararin sama da ba komai cikinsa. Sai ya tsaya. Ya juyo mini da ita. Rufin ginin ne, da motarsu a fake, lambarta ta fito raɗau. Na gaba kuma fuskar mai gadinsu ce da bindiga a kafaɗa. A duk hotunan da na ɗauka tun da na mallaki kamarar, ba wanda ya fito tas kamar waɗannan biyun.

"Ga shamuwarki duk dishi-dishi," in ji shi, "ga motata har ƙurar tayarta ana gani. Ƴata, kin san halin da ake ciki a ƙasar nan. Akwai mota mai tafiya Damagaram bayan la'asar. In ban gamsu ba, da ke da kayanki za ta tafi, kuma daga can magana ta fita daga hannuna."

A nan na fara kuka, irin wanda ba ya da sauti. Ina ta tuna labaran da ake yi na mutanen da aka tafi da su bincike, danginsu suka yi wata da watanni suna zarya. Na tuna mahaifiyata, na tuna takardun jami'a da na cike. Macen nan ta kawo mini ruwa a kofi, ta riƙe mini na sha.

Wajen azahar na jiyo murya a waje, na gane ta nan take. Matan gona sun kai wa Kaka labari, ta taho da sandarta. Aka hana ta shiga, sai ta zauna daɓas a ƙasa a bakin shingen.

"Ku fito mini da takwarata! Yarinyar da ko kaza aka ce ta kama sai ta ba ta haƙuri, ita ce za ta ci ku da yaƙi?"

Wani ya ce, "Iya, ki koma inuwa, rana ta yi zafi."

"Ranar nan ta girme ka, ni kuma mun saba da ita. Kai ɗan gidan wa ne ma? Matso in ga fuskarka."

Ina kuka, amma sai da dariya ta kusa kuɓuce mini. Ashe kafin ta fito ta sa maƙwabta sun buga wa Kawu waya.

Ya iso saura kaɗan a kira la'asar, ɗan kabu-kabu ne ya kawo shi a babur tun daga Damagaram don bai tsaya jiran hiyas ta cika ba. Ya yi sallama a nutse, ya gaisa da kumandan kamar wanda ya zo ziyara, ya tambayi aiki, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa. Ni ko kallona bai yi ba. Ya ce shi ne ya saya mini kamarar, kuma shekarunsa a sana'ar hoto sun fi shekarun wasu da ke tsaye a ɗakin.

Kumandan ya ce, "Baba, na ji, kuma ina ganin girmanka. Amma girma ba zai goge wannan ba." Ya nuna masa hoton motar.

Kawu ya gyara tabarau ya duba. Ya yi bayani cewa kamarar ita take zaɓar abin da za ta fito da shi in mai ita bai iya saita ta ba, kuma babban abu mai tsaye ta fi kamawa, ba tsuntsu mai motsi a kan siririn ƙarfe ba. Ya ce dogon ido a hannun ɗan koyo, in ya saita sama, nauyi ne zai ja shi ƙasa. Kumandan yana saurare, amma fuskarsa ba ta sake ba. Ya dubi agogonsa. A waje na ji an tayar da mota.

Sai Kawu ya ɗauki kamarar ya miƙa masa da hannu biyu. "Ranka ya daɗe, kar ka yarda da maganata. Kai soja ne, hannunka ya saba da saiti, ya fi na yarinyar nan sau goma. Mu je inda aka kama ta. Ka ɗauko mini shamuwar nan guda ɗaya. In ta fito, ka sa mu a motar mu biyu."

Na ce a raina Kawu ya kashe mu. In fa ya dace?

Kumandan ya karɓi kamarar ya miƙe. Muka ratsa gonakin gaba ɗaya, shi a gaba da kamara, Kawu, ni da macen nan, mutanensa biyu, Kaka a can baya tana dogara sanda tana mita. A bayan kangon ya durƙusa a daidai inda gwiwoyina suka yi shaida a ƙasa mai laima. Ya manna ido. Na ga bakin kamarar yana yawo sama da ƙasa yana neman sheƙar.

"Ina take ma?"

Kawu ya ce, "Tana nan inda take, ranka ya daɗe. Ba ta je ko'ina ba."

Ya danna. Ya sake dannawa. Shamuwar ta miƙe ta buɗe fikafikai, ya yi sauri ya danna sau biyu a jere. Sannan ya tashi yana kaɗe wando, muka taru a kan ɗan allon kamarar, kowa ya riƙe numfashi. Na farko sama ce fara fat. Na biyu wani baƙin abu ne kamar an shafa gawayi a bango. Na uku ƙarfen eriya ba tsuntsu. Na huɗu kuwa motarsa ce, lambarta raɗau, direban yana zaune a ciki ya hangame baki yana hamma.

Ɗaya daga cikin mutanensa ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Macen nan ta toshe baki da hularta. Kaka ta leƙo ta ce, "To, sai a sa shi a motar shi ma." Nan kumandan ya kasa daurewa, ya yi dariya har ya dafa bangon kangon.

Daidai lokacin ladanin garin ya kira la'asar. Kumandan ya sa na goge duk hoton da ginin ko mutanensa suka fito a ciki, har da nasa, yana tsaye yana kallo. Ya sa aka maido mini da salulata. Sannan ya dube ni, ba dariya a fuskarsa yanzu.

"Ƴata, da wanda ya hango ki ranar farko mai gaggawa ne, da ba wannan maganar muke yi ba. Kin gane?"

Na gyaɗa kai.

"Shi ke nan. Ba inda za ki, ba kuma abin da zan rubuta. Ki bi kakarki gida."

Na yi masa godiya. Suka tafi suka bar mu mu uku. Sai a sannan Kawu ya juyo ya kalle ni karo na farko tun zuwansa, sai a sannan ni ma na lura ba hula a kansa. Tsohon da ko ƙofar gida ba ya leƙawa kai a buɗe, ya ratso garin Damagaram a bayan babur furfurarsa a waje. Ya zauna a kan ɓaraguzan kangon, ya so cire tabarau ya goge, suka kuɓuce daga hannunsa suka faɗi ƙasa.

Na ce, "Kawu, da ya dace fa?"

Ya ce, "Da mun tafi tare, Uwata. Ai na faɗa masa."

A wurin nan, ina kallon hannuwansa, na koyi abin da ban koya a shagon ba. Na ɗauka in na ɓuya na ɗauki hoto daga nesa ba wanda zan dama, ashe ɓuyar da ta yi mini daɗi ita ce ta tsorata wasu, ta kusa tafiya da ni, ta kuma fito da tsofaffi biyu cikin rana saboda ni. Tun daga ranar ba na ɗaga kamara sai na tsaya na dubi inda nake da idanuna biyu, na nemi mai wurin na yi masa sallama. Har yanzu muryata takan yi rawa. Ina yi dai a haka.